Ƙwallon da Na Kai Washington a Duba Sa Hannun da Ke Jikinsa

Ina idar da sallar asuba muka fita daga Laurel, garin da muke zaune kusa da Washington, ranar Talatar makon jiya, ni da wata yayata ta wurin aiki, mutuniyar Kumasi. Sanyin kaka ya fara cizo, ganyaye sun zube a gefen titi sun jiƙe. Maigidana ne ya sauke mu a tashar jirgin ƙasa, ya wuce siton da yake aiki saboda sun hana shi hutu. Sai da na buɗe ƙofa zan fita ya ce in riƙe gaskiya ko me za a yi, in kuma na ga ana maganar 'yan sanda kada in sa hannu a kan komai sai ya zo.

Da yawanku kun yi ta kirana kwanakin nan ban ɗauka ba, ku yi haƙuri. Ga abin da ya faru.

Aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu, ƙarƙashin wani kamfani. Shekara uku na yi ina kula da wani dattijo farar fata mai ciwon rawar jiki. Yana da ɗaki guda da ya cika da kayan wasan besbol, wasan nan nasu da ake dukan ƙaramin ƙwallo da sanda: ƙwallaye, sanduna, riguna, hotuna, galibinsu da sa hannun 'yan wasa. Kowanne ya rubuta masa ɗan kati, inda ya samo shi da lokacin da ya samo. Wata biyu kafin ya rasu ya sa na ɗauko masa wani tsohon ƙwallo daga saman kanta, ya ce nawa ne. Na ƙi, don dokar kamfaninmu ta hana karɓar kyauta. Ya nace har idonsa ya kawo ruwa. Ya nemi biro, ya ɗauki kusan kwatan awa yana rubuta layi biyu a kati cewa shi ya ba ni, ya sa hannu. Na karɓa da niyyar in sanar da ofis washegari. Washegarin ta zama jibi, jibi ta zama makon gobe, har Allah ya yi masa rasuwa ban faɗa ba.

Da 'yarsa ta zo daga wata jiha don ta kwashe kaya, sai ta tarar da gurbin ƙwallon babu komai, ga katinsa a ajiye yana cewa wani shahararren ɗan wasa na zamanin da ne ya sa masa hannu. Aka gaya mata ƙwallo irin wannan yana iya sayen gida. Ta kira kamfani, kamfani ya kira ni. Da na ce kyauta ce har da rubutu, sai ta ce mahaifinta ko cokali ba ya iya riƙewa, balle biro. Wato ni na rubuta. Aka dakatar da ni daga aiki, aka ce in ta so tana iya kai maganar wurin hukuma, kuma a ƙasar nan cutar da tsoho ba ƙaramin laifi ba ne. Ga shi wata mai zuwa ne intabiyuna na zama 'yar ƙasa, a ciki kuwa akwai tambayar ko an taɓa kama ka. A ƙarshe ta ce za ta kai duk kayan wurin wani masanin sa hannu a ɓangaren Northwest na birnin Washington, in kawo ƙwallon can da ƙarfe goma, abin da ya ce shi zai nuna mata matakin da za ta ɗauka.

To ƙwallon ne a jakata, na cusa shi cikin safa mai tsabta, na sa a robar abinci na rufe.

Tikitin jirgin dala biyar ne zuwa Washington. Jirgin cike yake da ma'aikatan gwamnati, kowa da katin shaida rataye a wuya, kowa da kofi a hannu, ba mai yi wa wani magana. Ta taga sai bayan manyan sito-sito kake gani, da bishiyoyi ja da rawaya, da filayen ajiye motoci. Da mai duba tikiti ya shigo da hularsa da baƙin kaya, gabana ya yanke ya faɗi, na miƙa masa katin asibitina maimakon tikiti. Yayata ta yi dariya har da riƙe ciki. Hausarta irin ta zango ce, ba ta raba mace da namiji, ta ce mini, “Ƙanwata, ka kwantar da hankali. In ka ci gaba haka, kai da kanka za ka kai kanka kurkuku.” Na yi murmushi don kada ta ji ba daɗi, amma jakar tana kan cinyata na rungume ta kamar jariri.

Mun sauka a Union Station wajen bakwai da rabi. Wanda bai taɓa shiga tashar nan ba zai ɗauka fadar wani sarki ce, rufinta can sama, ƙasa tana sheƙi, muryar sanarwa tana amsa-kuwa. 'Yan sanda biyu suna tsaye da wani ƙaton kare. Muna zuwa daidai su karen ya ɗaga kai ya nufo mu. Na tsaya cak. A raina na ce shi ke nan, matar ta riga ta kai ƙara, hotona suke riƙe da shi. Karen ya wuce jakata ko kallo bai yi mata ba, ya kafa hanci a ledar yayata. Ashe wake da shinkafa irin nasu ta ƙunso mana, da yajinsu na shito mai kifi. Ɗan sandan ya ja karensa yana ba da haƙuri, yayata ta bi shi da cewa karen ya fi mai shi sanin abinci. Ni kuwa sai da na nemi benci na zauna.

Daga nan muka shiga Metro, jirgin cikin gari. Tashoshin nan na ƙarƙashin ƙasa duhu-duhu suke, da iska mai ɗumi da ke riga jirgi isowa. Inda muka sauka, matakalar da ke hawa da kanta tana da tsawon da in ka ɗaga kai hasken waje kamar bakin rijiya yake. Muka fito unguwar ofisoshin jakadanci, tsofaffin gidajen bulo da tutoci a ƙofa, masu gudun motsa jiki, masu yawo da karnuka sanye da riguna. Mun yi sammako da yawa, saura fiye da awa guda. Yayata ta shiga wani shago ta sayo mana shayi kofi biyu dala bakwai, ta fito tana mita cewa ruwan zafi ne da ganye ɗaya. Muka zauna a wani ɗan lambu ta buɗe abincin. Loma biyu na yi na ajiye. Abin da nake ta lissafawa shi ne yarana biyu da ke makaranta a lokacin, da wanda zai ɗauko su in ban koma ba.

Ofishin yana hawa na uku a wani siririn gini. Ka danna ƙararrawa, kyamara ta kalle ka, ƙofa ta yi ƙara ta buɗe, kana shiga ta kulle kanta. Jin ƙarar kullewar nan a bayana ya sa na kama hannun yayata.

'Yar dattijon ta riga mu zuwa, tana zaune da kwalaye uku a gefenta. Na gaishe ta, ta gyaɗa kai ba ta dube ni ba. Sau biyu kawai na taɓa ganinta a shekara ukun nan. Masanin kuwa wani baƙar fata ne mai furfura, siriri, maganarsa a hankali. Ya ce shekaru da dama ya yi a wani ofishin gwamnati a ɓangaren Southwest na birnin yana binciken takardun jabu, da ya yi ritaya ya koma kan kayan wasanni, don a nan ma 'yan damfara suka koma. Ya sa safar hannu fara. Da na zaro ƙwallon daga safar ƙafa, ya dube ni ta saman tabarau ya ce ya ga waɗanda suka kawo nasu cikin abin da ya fi wannan muni.

Yana aiki yana bayani, kamar likitan da ke son mara lafiya ya gane ciwonsa. Bai fara da sa hannun ba, da ƙwallon ya fara. Ya duba hatimin kamfanin da ya yi shi da launin zaren ɗinkin, ya ce sau da yawa a nan ake kama mai jabu: za a kawo ƙwallo da sunan ɗan wasan da ya mutu tun kafin a fara buga irin hatimin da ke jiki. Ya kai shi hanci ya shinshina. Ya ce akwai masu jiƙa sabon ƙwallo da ruwan shayi su gasa shi a tanda don ya yi kamar tsoho, kuma warin ba ya ɓoyuwa. Sai ya kashe wutar ɗakin ya kunna wata fitila mai shuɗin haske. A ƙarƙashinta, in an goge wani suna an rubuta wani, ko an bi tsohuwar tawada da sabuwa, wurin yakan fito daban. Ya yi ta juya ƙwallon a ƙarƙashin hasken. Ya kunna wuta ya ce ƙwallon na zamanin ne, tawadar ma ta alƙalamin da ake tsomawa ce ba ta biro ba, kuma ta shiga fatar ta tsufa tare da ita.

Na ga matar ta gyara zama. Ni kuwa zufa ta karyo mini duk sanyin ɗakin. A fahimtata, in ƙwallon na gaske ne, to dukiya ce mai yawa aka samu a hannuna, kuma ba wanda zai yarda tsoho mara lafiya ya miƙa wa mai yi masa wanka irin wannan da son ransa.

Sai ya ɗauko wani babban fayil. A ciki akwai hotunan sa hannun ɗan wasan a kan takardun da ba a shakkarsu, irin kwantiragi da cek na banki, an jera su shekara-shekara, don hannun mutum yana canzawa da girma. Ya sa ƙwallon ƙarƙashin madubin ƙara girma, hoton ya fito a allon kwamfuta, kowane harafi kamar tsawon yatsa. Ya ce mai sa hannunsa na kansa ba ya tunani, hannu ne kawai ke gudu, shi ya sa layin ke fara siriri ya ƙare siriri. Mai kwaikwayo kuwa zane yake yi, yana kallo yana bi, sai ka ga alƙalami ya tsaya a tsakiyar harafi ya bar ɗigo, ko layi ya ƙare da kauri kamar an datse shi. Ya daɗe yana kai ido daga allo zuwa fayil. Ban san minti nawa ba, na dai karanta duk addu'ar da na sani, na sake komowa farko.

Daga bisani ya cire tabarau ya ce, “Wannan ba hannun ɗan wasan ba ne.”

Kafin in ankara Alhamdulillahi ta fito daga bakina da ƙarfi. Kowa ya juyo. Ko da ba su san kalmar ba, sun gane murna ce, kuma nan take kunya ta rufe ni. Shekara saba'in da wani abu dattijon nan yana riƙe da ƙwallon nan, shi ya fi so a duk ɗakin, ga ni ina godiya an ce ba na gaske ba ne.

Masanin ya ce kada mu yi saurin cewa damfara. Ya nuna mana cewa rubutun ba ya tsayawa ko kaɗan, a guje aka yi shi, amma harafin farko an fara shi daga ƙasa, alhali ɗan wasan duk rayuwarsa daga sama yake farawa. Ya buɗe wani shafi mai irin wannan hannun sak, har guda shida. Ya ce a wancan zamanin, in 'yan kallo suka miƙa ƙwallaye aka shiga da su ɗakin canza kaya, manyan 'yan wasa ba sa iya bin su duka, sai wani ma'aikacin ɗakin da ya ƙware da sunayensu ya rattaba a madadinsu a mayar. Masu sana'ar duk sun san hannun wannan mutumin. Ƙwallon tsohon kaya ne mai ɗan daraja, amma kuɗinsa ba zai wuce na tayar mota ba.

Fuskar matar ta yi ja. Sai ta ce to ai saura katin, ko ƙwallon bai kai komai ba, wanda ya ƙirƙiri rubutun mahaifinta ya yi laifi. Tsoron da ya fara sauka ya dawo sabo. Na ciro katin daga cikin fasfona na ajiye a tebur.

Ya ce shi yanzu ba ya ba da shaida a kotu, abin da zai faɗa ra'ayi ne kawai. Ya nemi ta ciro masa katunan da mahaifinta ya rubuta wa kayansa, musamman na baya-bayan nan. Ya jera guda takwas, nawa a tsakiya. A allo muka ga yadda rubutun dattijon ya yi ta ƙanƙancewa shekara bayan shekara, haruffa suna matsewa wajen ƙarshen layi. Ya ce rawar hannu iri biyu ce. Ta ciwo ba ta zaɓar wuri, tana nan a miƙaƙƙen layi tana nan a lanƙwasa, a jere kamar haƙoran zarto. Ta mai kwaikwayo kuwa a wurare masu wuya take taruwa, in ya zo wuri mai sauƙi sai ya manta ya miƙe sumul. Ya bi layukan katina da bakin fensir ba tare da ya taɓa ba, har zuwa sa hannun. Sai ya juya wurin matar ya ce, “Mahaifinki ne ya rubuta wannan, kuma ya sha wahala kafin ya gama.”

Ta ɗauki katin ta karanta, ta sake karantawa. Ba ta yi kuka ba, amma ta daɗe tana kallon taga. Can ta tambaye ni, karo na farko da ta dubi idona, ko ya taɓa gaya mini yadda ya samu ƙwallon. Na ce kusan kowane mako. Na ba ta labarin yadda na ji shi: yana ɗan shekara goma mahaifinsa ya bar aikin yini guda ya kai shi tsohon filin wasan garin, wanda aka rushe aka gina asibiti a wurin. Uban ya ɗaga shi a kafaɗa ya miƙa ƙwallon ta saman shinge, suka tsaya cikin rana har aka dawo da shi da rubutu. A shekarar uban ya rasu. Na ce mata in yana ba da labarin, ɗan wasan sau ɗaya yake ambata, sauran duk maganar kafaɗar babansa ce. Ta ce ita rabonta da jin labarin tun tana yarinya, kuma ta manta da maganar kafaɗar.

Ta turo mini ƙwallon ta ce in tafi da shi, za ta kira kamfani ta janye maganarta. Na ce a'a, ta riƙe, na mahaifinta ne. Ta ce ni ya ba, ba za ta saɓa masa ba. Muka yi ta turawa juna har yayata ta taɓa ni ta ce da Hausa, “In za ka karɓa, ya rubuta.” Sai na ce wa matar na yarda, amma ta rubuta da hannunta cewa ta bar mini, ta sa hannu a gaban wannan bawan Allah, shi ma ya sa. Masanin ya yi dariya a karo na farko, ya miƙo mata biro. Ba ta ba ni haƙuri da baki ba. A ƙofa dai ta riƙe hannuna ta ce ta gode da na zauna da shi.

Da muka fito rana ta yi sama, sai a lokacin na ji yunwa. A bencin lambun nan na cinye sauran wake da shinkafar tas, yayata tana kallona tana girgiza kai. Jirgin Laurel ba ya tashi da tsakar rana, sai da muka jira na yamma. Muka yi azahar a wani lungu na tashar, muka zauna muna kallon matafiya. Na kira maigidana, ina cewa an gama lafiya na ji ya sauke numfashi, sai kuma ya ce in sayo burodi in na sauka. A jirgin dawowa na yi barci tun kafin mu fita daga gari, barcin da na yi kwana tara ban samu ba. La'asar sakaliya muka iso gida.

Jiya na je ofishin kamfani. Matar ta cika alkawari ta kira, amma duk da haka an ba ni takardar gargaɗi, don dokar da na karya tana nan, kuma ban yi musu ba. Ranar Litinin zan koma aiki.

'Yan uwana masu wannan aiki, tafiyar ba ta kai mil talatin ba, amma ban taɓa yin mai nisanta ba. Na koyi cewa tsoho zai iya ƙaunarki tsakani da Allah, ke ma ki ƙaunace shi, ranar da ya rufe ido kuma babu mai ba da shaidar hakan sai takarda. Ko alewa aka ba ki, ki kira ofis kafin ki bar gidan. Masu sayen riguna da ƙwallaye masu sa hannu a intanet don yaranku kuma, ku sani har waɗanda suka tsaya da ƙafarsu a bakin fili ba kullum suke samun na gaske ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na gode wa Allah da dattijon bai kai ranar Talatar nan ba. Ya tafi yana da yaƙinin gwarzonsa ne ya rubuta masa, ni kuma ko a mafarki na gan shi ba zan gaya masa ba.